Ba Kowane Ciwon Gaɓa Ne Sanyi Ba

Jawabin da malamin asibiti ya yi wa 'yan ajin Yaƙi da Jahilci a Wanke

Na san kun yini gona, kun gaji, saboda haka ba zan tsawaita ba.

Da na shigo, na ga wani dattijo ya dafa gwiwa kafin ya tashi daga tabarma. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Sanyi ne." To, mu nan kowane ciwon gaɓa sanyi muke ce masa. Amma ciwon gaɓa iri-iri ne. Wani yana iya jira, wani kuwa ba ya jiran gobe.

Babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa. Inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, nan ne gaɓa. Wanda ya taɓa gyara ƙafar saniya ya ga wani farin abu mai santsi a bakin ƙashi. Wannan shi ne guringuntsi. Akwai kuma ruwa mai yauƙi kamar kuɓewa. Su ne ke hana ƙasusuwa gugar juna.

Ciwo na farko, na girma ne. Shekaru da noma da daka da ɗaukar kaya sukan cinye guringuntsi, kamar yadda ƙasa ke cinye bakin fartanya. Sai gwiwa ta riƙa ƙara, tana ciwo bayan aiki. Wannan ba ya kisa, amma abin da ya cinye ba ya komowa. Mai shi ya rage kaya mai nauyi, ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kowace rana, ya riƙe sanda ba kunya. Kada ya zauna wuri ɗaya, gama gaɓar da ba a motsa ta sandarewa take yi. Kada kuma ya saba da ƙwayoyin da 'yan talla ke haɗawa a kasuwa. Yawan shansu yana kawo gyambon ciki, yana ɓata ƙoda.

Na biyu shi ne mai gaggawa. Ku saurara da kyau, musamman iyaye mata. Yaro ya kwanta lafiya, ya tashi da zazzaɓi. Gwiwarsa ko ƙugunsa ya kumbura, ya yi zafi. Ya ƙi taka ƙafar, in an taɓa sai ihu. Wannan ba sanyi ba ne. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar, mugunya tana taruwa a ciki. Cikin 'yan kwanaki takan cinye guringuntsi. Kada a yi tsaga, kada a yi sakiya, kada a kafa ƙaho. A ɗauke shi zuwa asibiti a ranar. Likita zai cire mugunyar, ya ba shi allurai.

Na taɓa ganin yara biyu masu irin wannan ciwo. An kawo ɗaya a kwana na biyu, yau shi ke korar awakin gidansu. Ɗayan sai da ya yi wata guda ana shafa masa magani a gida. Ya rayu, amma gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Uban ya ce mini kuɗin mota ya ji wa tsoro. Daga baya sai da ya sayar da sa.

Na uku a hankali yake zuwa. Mutum yana rama, yana gumi da dare, baya ko ƙugu yana ciwo wata da watanni, har ƙashin baya ya fara yin doro. Cutar tarin fuka ce, gama ba huhu kaɗai take kamawa ba. Maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati, amma na ƙashi yakan kai wata 12 ana sha. Haka kuma mai sikila, in ya fara ɗingishi, a kai shi a ɗauki hoton ƙugunsa, domin jini yakan daina isa kan ƙashin.

Na huɗu, faɗuwa daga itace ko babur. Ban zo in zagi maɗora ba. Sun gaji sana'ar, sun kuma taimaki mutane da yawa. Amma idon maɗori ba ya ganin cikin nama, hoto kuwa yana gani. In gaɓa ta goce, ko karaya ta shiga cikin gaɓa, ko ƙashi ya fasa fata, aikin asibiti ne. Kowa kuma ya yi ɗauri, ku duba yatsu. In sun kumbura, sun yi sanyi ko baƙi, ko mai ciwo ya daina jin su, ɗaurin ya matse hanyar jini. A sassauta nan take, a tafi asibiti. Jinkiri a nan shi ke sa a yanke hannu.

Ina za a je? A fara da asibitin da ke kusa. In ya fi ƙarfinsu, akwai Asibitin Tarayya da Asibitin Yariman Bakura a Gusau. In aikin babba ne, sai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. A can har gwiwa da ƙugu ake sakewa da na ƙarfe, amma da tsada ƙwarai. Zuwa da wuri ya fi araha.

Ku yanzu kun iya karatu. In ciwo ya fara a gidanku, ku rubuta ranar a takarda, ku nuna wa likita. Ku karanta katin asibiti, ku san ranar komawa. Ku karanta wa maƙwabcin da bai shigo aji ba tukuna.

Baba, naka ciwon yana iya jira, amma ka zo mu duba shi. Na jikanka ne ba ya jira.

Allah ya ba mu lafiya. Mai tambaya ya ɗaga hannu.