JINGINA BA CINIKI BA CE: JAWABI GA MATASAN KURA DA BUNKURE KAN BASHI, GONA DA GIDAN HAYA



Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa, lauya, ya gabatar a wani zama da matasa manoman rani suka shirya a garin Kura bayan sallar La'asar, wanda ya samu halartar 'yan uwa daga Bunkure, Kadawa, Garun Malam da ƙauyukan da ke gefen kanal. An roƙe shi ne ya yi bayani a kan abin da talaka zai yi idan mai bin sa bashi ya tasam ma gonarsa ko gidansa.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S), mai jawabin ya fara da tunatar da 'yan uwa asalin darajar ƙasar da suke zaune a kai. Ya ce kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, gona a wannan yanki ta damina ce kawai. Da ruwa ya biyo kanal, aka baje ƙasa aka yanka ta, aka rage wani kaso saboda hanyoyi da magudanai, aka mayar wa masu ita sauran, sai eka ɗaya ta koma tana ba da shinkafa da damina, ta ba da alkama ko tumatir ko albasa da rani. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya aikin ya koma hannunta. To, in ji shi, tun daga ranar da ruwa ya shigo, ido ya dawo kan gonar talaka. Noman rani noman kuɗi ne: ga kuɗin ruwa, ga taki, ga iri, ga magani, ga 'yan ƙwadago. Wanda ba shi da jari sai ya ba da haya ko ya jinginar, ya koma yana aikin lada a gonar da ubansa ya bar masa. Ya ce wannan ba sabon abu ba ne, domin wata mai bincike, Tina Wallace, ta lura da shi a nazarin da ta yi a kan wannan aiki tun a ƙarshen shekarun 1970.

Daga nan ya shiga maganar yadda bashi yake kama mutum. Ya tuna wa jama'a shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatir, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki don rashin kaya. Ya kuma ambaci bashin noman shinkafa da Babban Banki ya fara bayarwa a watan Nuwamba 2015, wanda da yawa suka ɗauka rabon gwamnati ne, ba su kula da cewa a cikin takardar kowane ɗan ƙungiya ya tsaya wa ɗan uwansa ba. Babban Banki ya daina karɓar sababbin buƙatu na irin wannan bashi tun ƙarshen 2023, amma wanda ya ci bai biya ba, bashin yana nan a wuyansa. Sai dai ya ce mafi yawan gonakin da ke suɓucewa ba banki ne yake cinye su ba. Ɗan gari ne, ko dillali, ko mai injin casa da ya ba da kuɗi da rani a kan za a biya shi da buhunan shanshera da kaka, irin abin da iyayenmu suke kira falle.

A nan ne ya daɗe, domin a cewarsa nan ciwon yake. Ya ce a ƙaddara mutum ya karɓi naira dubu ɗari uku don jinyar matarsa, ya ce wa mai kuɗin, riƙe eka ɗaya har Allah ya hore mini. Babu takarda, babu shaida sai wani tsoho guda. Mai kuɗi ya noma ta shekara goma sha biyu, damina da rani, ya fitar da kuɗinsa ninkin ba ninkin. Mai gona ya rasu, tsohon nan ya rasu. 'Ya'ya suka haɗa kuɗi suka je fansa, sai aka ce musu ai babanku sayarwa ya yi. Da ya kawo nan sai wuri ya yi tsit, don kusan kowa a wurin ya san gidan da aka yi wa haka.

Ya ce 'yan uwa su riƙe abu ɗaya: jingina ba ta zama ciniki don an daɗe. A shari'ar Musulunci, Imam Malik ya kawo babi guda a Muwaɗɗa a kan cewa abin jingina ba ya faɗawa hannun mai bin bashi don lokacin biya ya wuce, kuma ko da an gindaya wannan sharaɗi tun farko, sharaɗin ɓatacce ne. Abin da ake yi shi ne a sayar da abin ta hanyar da shari'a ta yarda, mai bashi ya ɗauki haƙƙinsa, ragowar ta koma ga mai abu. Ya ƙara da cewa Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawa cikin 'yan uwa sun karanta a zaure, ta bayyana cewa amfanin abin da aka jinginar, kamar 'ya'yan dabino da kuɗin hayar gida, na wanda ya jinginar ne. Malaman Malikiyya ba su yarda wanda ya ba da rance ya sharɗanta cin amfanin jingina ba, domin rance ne da ya jawo riba. Saboda haka, in ji shi, irin jinginar da aka saba a ƙauyukanmu, inda mai kuɗi zai yi ta noma gona sannan a biya shi kuɗinsa cif, akwai magana a kanta, ko da kuwa mai yin ta yana sahun farko a masallaci.

Ya ce ko a kotunan boko ma hukuncin bai yi nisa da wannan ba. A 1974 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Okoiko da Esedalue cewa filin da aka jinginar bisa al'ada ana iya fansar sa komai tsawon zamani, kuma ko wanda ya riƙe ya dasa itatuwa masu daraja a ciki, wannan ba ya hana fansa.

To ina matsalar take? Ya ce matsalar ita ce hujja. A fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira hauzi, wato idan mutum ya riƙe fili yana amfani da shi shekara goma, mai iƙirarin nasa ne yana gari, yana gani, bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, to ƙararsa ba ta da ƙarfi. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo, har shekara arba'in. Hauzi ba ya aiki a kan jingina ko aro ko ajiya, amma sai ka tabbatar wa alƙali cewa jinginar ce. Da me za ka tabbatar, alhali shaidarka tana kabari? Ya ce ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta zo a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Mu kuwa kunya ta hana mu. Sai a ce ai Alhaji ba zai ci amana ba. Wataƙila Alhaji ba zai ci ba, amma ba da Alhaji 'ya'yanka za su yi shari'a ba, da magadansa za su yi.

Don haka ya ba 'yan uwa aiki. Ya ce duk wanda ya iya rubutu, ko da ajami ne, ya je ya tambayi mahaifinsa da baffanninsa ko akwai gonar gidansu da ke hannun wani. In akwai, a je cikin mutunci tun masu rai suna raye, a rubuta sunayen ɓangarorin biyu, da inda gonar take da maƙwabtanta ta fuska huɗu, da adadin kuɗin, da kalmar jingina ƙarara, da shaidu biyu waɗanda ba tsofaffi tukuf ba, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya. Duk abin da aka biya a karɓi rasit.

Game da banki bai ɓoye gaskiya ba. Ya ce wanda ya kai takardar mallakar gidansa ya sa hannu a yarjejeniyar jingina, sau da yawa ya ba bankin ikon sayar da gidan ba tare da an je kotu ba. Amma duk da haka yana da haƙƙin neman a ba shi lissafin bashin a rubuce, yana da ikon fansa matuƙar ba a sayar ba, abin da ya yi saura bayan an cire bashi nasa ne, kuma kotu tana iya rushe cinikin da aka yi da haɗin baki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sharɗanta yardar Gwamna kafin a jinginar da filin da ke da takardar jiha, kuma a 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan yarda ba. Sai dai ya gargaɗi 'yan uwa kada wani ya ɗauki wannan makami na cinye kuɗin mutane, domin daga baya kotuna sun ƙi sauraren wanda shi ne ya kamata ya nemo yardar amma ya dawo yana fakewa da rashinta. Ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci dole ya biya. Abin da ake nema shi ne kada a karɓi fiye da haƙƙi.

Idan kuwa bashin baki ne, ba a jinginar da komai ba, ya ce mai bin bashi ba shi da ikon taɓa gida ko gona sai ya yi ƙara ya ci. Ko ya ci, dokar zartar da hukunci ta ce a fara da kayan da ake iya ɗauka, sai in ba su isa ba a nemi izinin Babbar Kotu a kan fili. A Mukhtasar na Shaihu Khalil ma an ce ba a gaggauta sayar da gida ko gonar wanda bashi ya yi wa katutu, ana jira kamar wata biyu don a samu farashi mai kyau. Kuma aya ta 280 a Baƙara ta umurci a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Ya ce 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai, dokar ta kuma hana a kama wani a madadin wani.

'Yan haya ya taƙaita musu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwano, ko watso kaya waje, ko da ana bin kuɗin haya. Sai ya ba da sanarwa, sannan ya je kotu. Ɗan haya kuma ya adana rasit, in an ƙi karɓar kuɗinsa ya kafa shaidu.

Sannan ya zo kan tambayar da ta tara jama'a, wato ina talaka zai samu lauya. Ya ce akwai hukumar gwamnatin tarayya ta ba da tallafin shari'a, wadda a allon ofishinta za a ga an rubuta Legal Aid Council, kuma tana da ofishi a Kano. An kafa ta a 1976 don masu fuskantar tuhumar laifi, amma dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta ya haɗa da ba da shawara, da sulhu, da wasu shari'o'in haƙƙi. Ma'auninta shi ne wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar naira dubu 70 a 2024. Ya ce kada a yi zaton da zuwa za a haɗa mutum da lauya, domin lauyoyinsu kaɗan ne, masu buƙata kuwa sun yi yawa, amma shawarar rabin sa'a tana iya tsare gona. Akwai asibitin shari'a na ɗalibai a Jami'ar Bayero, ga Makarantar Horar da Lauyoyi nan kusa a Bagauda. Mata da marayu suna iya zuwa ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Ga masu son sulhu akwai Hisba, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano da aka buɗe a 2009. Amma duk inda aka yi sulhu a rubuta shi, kuma kada mutum ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba, ta bakin wanda ya amince da shi.

Abin da ya fi ɓata masa rai, in ji shi, shi ne gudun sammaci. An kawo wa mutum takardar kotu sai ya cusa ta ƙarƙashin katifa ya tafi cirani, ya dawo ya tarar an yi hukunci a bayansa. Galibi kwana 30 alƙali yake bayarwa don ɗaukaka ƙara, mutanenmu kuwa sai ranar da aka zo da gwanjo suke neman lauya.

A lokacin tambayoyi wani matashi daga Bunkure ya tashi ya ce su ne suke riƙe da gonar wasu marayu tun zamanin kakansa, a kan kuɗin da a yau ba zai sayi buhun taki ba, kuma shi kaɗai ya ji daga bakin mahaifinsa cewa jingina ce, marayun ba su sani ba. Mai jawabin ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce masa ya fara da sanar da 'yan uwansa magada, su je wurin malamin da ya san fiƙihun mu'amala a kan amfanin da aka ci, shi kuma a shirye yake ya rubuta musu takardar mayarwa kyauta duk ranar da suka shirya. Matashin ya ce zai yi magana da yayansa a daren.

An rufe zaman da addu'a dab da kiran sallar Magariba.