Motsa Jikin Pilates a Kafafen Sada Zumunta



Wanda duk ya saba leƙa Instagram ko TikTok a wayarsa, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton wata siririyar mace kwance bisa wani gado mai zamewa ba, tana jan igiyoyi a cikin ɗaki mai haske tas. Abin da take yi shi ake kira Pilates. Wannan lacca za ta duba yadda irin waɗannan hotuna suka sauya fahimtar jama'a game da wannan motsa jiki, har suka sauya yadda ake yin sa.

Sunan mutum ne aka laƙaba wa abin. An haifi Joseph Pilates a Jamus cikin 1883. Yana zaune a Ingila Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa a tsibirin Man, inda ya riƙa koya wa 'yan'uwansa tsararru motsa jiki. Wajen 1926 ya ƙaura zuwa Amurka, ya buɗe ɗakin horo a birnin Niyok shi da abokiyar zamansa Clara, kuma da yawa daga cikin masu zuwa wurinsa 'yan rawar bale ne masu jinyar rauni. Shi kansa sunan da ya ba tsarin nasa shi ne Kwantroloji, watau ilmin sarrafa jiki da hankali. A littafinsa na 1945 ya tsara motsi 34 waɗanda ake yi bisa tabarma. Gadon nan mai zamewa kuwa, wanda ake kira rifoma, shi ya ƙera shi, da sifirin masu ƙara wa motsi nauyi ko su rage. Ya rasu a 1967.

Jigon tsarin abubuwa ne da ido ba ya gani: yadda ake shaƙar numfashi da fitar da shi, yadda tsokokin can cikin ciki ke riƙe ƙashin baya, da natsuwar da ke sa a yi motsi kaɗan amma a yi shi daidai. Bugu da ƙari, akwai malami a tsaye yana gyara kafaɗa ko ƙugu idan sun karkace. To, kyamarar waya ba ta ɗaukar numfashi, ba ta kuma ɗaukar tsokar da ke ƙarƙashin fata. Abin da take iya ɗauka shi ne shafaffen ciki, da tufafi masu tsada, da motsi mai ban mamaki wanda zai tsayar da yatsan mai kallo na daƙiƙa goma sha biyar. Tsarin lissafin da ke zaɓar wa mutum abin da zai gani shi ma bai san daidai da kuskure ba, abin da ya sani kawai shi ne hoton da aka fi daɗewa ana kallo. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma fa a nan gani ya kori jin da ya fi muhimmanci, watau jin abin da ke faruwa a cikin jiki.

Akwai wani dalili na shari'a da ya share wa wannan al'amari hanya. A watan Oktoba na 2000 wata kotun tarayya a Niyok ta yanke hukunci cewa kalmar Pilates sunan gama-gari ce, ba mallakar kowa ba. Daga nan kowa na iya kiran abin da yake koyarwa da wannan suna, ko ya yi shekaru yana neman ilmin, ko kuwa kwana biyu ya yi. Da kullen annobar korona ta 2020 ya rufe ɗakunan horo, miliyoyin mutane suka koma bin bidiyo a gida, sai wannan ƙofa ta ƙara faɗi. Ba za a musa alfanun hakan ba, domin wanda ba shi da kuɗin shiga aji ya samu darasi kyauta a YouTube, kuma wasu masu koyarwar ƙwararru ne.

Sai dai alkawuran da ke biye da hotunan su ne abin dubawa. A watan Mayu na 2022 wata fitacciyar Ba'amurkiya, Lori Harvey, ta danganta shafaffen cikinta da Pilates, maganar ta bazu ko'ina. Daga baya ta bayyana a TikTok cewa lokacin da take rage ƙiba ba ta wuce kalori 1,200 a rana, tana kuma haɗawa da wasu motsa jikin. Ke nan ɗalibar da ta ga hoton farko ba ta ga bayani na biyu ba, za ta yi wata guda tana fama, ta ga jikinta bai koma haka ba, ta ɗora laifin a kan kanta ko ta shiga horar da kanta da yunwa. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa motsa wani sashe na jiki ba ya narkar da kitsen wannan sashe shi kaɗai, kuma siffar jiki tana da alaƙa mai ƙarfi da gado.

Abin da bincike ya fi tsayawa a kai bai da ƙyalli ko kaɗan, shi ne ciwon baya, wanda ma'aikacin da ke wuni bisa kujera ya san shi sarai. Nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje 10, ya nuna cewa Pilates ya fi zama haka kawai wajen rage ciwon ƙasan baya, amma ba a samu tabbacin ya fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. A waɗannan gwaje-gwaje kuwa mafi yawa akwai mai koyarwa da ke lura da masu ciwon. Shi kuwa bidiyon da ke yawo tun wajen 2023, mai cewa a jingina ƙafafu da bango na kwana 28 teɓa ta zube, ba ya tambayar mai kallo shekarunsa, ko yana da matsalar ƙashin baya, ko mace ce mai juna biyu.