Ciwo Mai Shigar Burtu: Amfani da Sitiroyid Bayan Tiyatar Fankiriyas



In idon mutum ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi ja, sai Bahaushe ya ce shawara ce. Alhali kuwa shawara alama ce kawai, cututtukan da ke kawo ta suna da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne kumburin fankiriyas, watau wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, wadda ke fitar da ruwan narka abinci da kuma insulin. A irin wannan kumburi, garkuwar jiki ce da kanta ke juyowa ta afka wa tsokar.

Likita Henri Sarles na ƙasar Faransa ya bayyana ciwon a 1961. A 1995 Yoshida da abokan aikinsa a Japan suka raɗa masa suna, a 2001 kuma Hamano ya nuna cewa wani sinadari, IgG4, yakan yawaita a jinin masu shi. Galibi dattawa maza yake kamawa. Tsokar takan kumbura ta matse hanyar ruwan matsarmama, sai ga shawara ba tare da zafin ciki ba, ga rama. Haka kuwa kansar fankiriyas take somawa. Wannan shigar burtu ta sa aka yanke wa waɗansu kan fankiriyas ɗungurungum, sai da aka duba naman a madubin likita aka tarar kama da wane ba ta wane.

To, bayan tiyata an huta ke nan? A'a. An cire nama, amma garkuwar da ta yi ɓarnar tana nan. Ciwon yana iya dawowa a ragowar tsokar, ko a hanyar matsarmama, ko a ƙoda. Saboda haka likita yakan ci gaba da awon jini da ɗaukar hoto, in ya ga alama ya ba da firednisolon, wanda yake daga dangin sitiroyid. Akan soma da miligiram 30 zuwa 40 kullum har mako 2 zuwa 4, sa'an nan a riƙa rage miligiram 5 duk mako ɗaya ko biyu. Likitocin Japan sukan bar majinyaci a kan miligiram 5 ko ƙasa da haka har shekara 3, na Amurka kuwa sukan tsayar bayan kimanin wata 3.

Maganin yana da kaifi. Yakan jinkirta warkewar rauni, ya tayar da tarin fuka da ya kwanta, ya raunana ƙashi, ya kuma ɗaga sukari ga mutumin da aka riga aka rage masa tsokar insulin. Wanda ya daɗe a kansa kuma ya daina farat ɗaya, jininsa na iya faɗuwa har ya halaka, domin jikinsa ya riga ya rage yin irin sinadarin da kansa.

Nan ne abin ya shafi kowa. Ƙwayoyin wannan dangi ne waɗansu ke saye a kasuwa don neman ƙiba, har ana yi musu laƙabi da sha-ka-fashe. Ma'aikacin da mahaifinsa ya fito tiyata ya kula da abu biyu: kada dattijo ya sha ƙwaya ɗaya ba da umarnin likita ba, kada kuma ya ajiye maganin don ya ji sauƙi. Allah ya ba marasa lafiya lafiya.