Rumfarka a Kasuwar Baje Koli



Yau maganarmu a kan kasuwar baje koli ce, irin ta Kaduna da ke hanyar Zariya, ko ta Kano da ke titin Gidan Zoo. Ƙaramin ɗan kasuwa, da kai nake. Hajiya mai turaren wuta, har da ke.

Kuɗin rumfa ba kaɗan ba ne. Amma da yawa cinikin ranar kawai suke ƙirgawa. Babbar riba tana wajen mai sari, wanda zai neme ka bayan an tashi.

To, ta yaya zai tuna da kai?

Da farko, tashi tsaye. Kada ka lafe a ƙuryar rumfa kana latsa waya. Mai kilishi, ba da ɗanɗano. Mai turare, bari a shinshina. Ka rubuta farashi ɓaro-ɓaro, don wani nauyin tambaya yake ji, sai ya wuce.

Sai lambar waya. Lambar waya a jikin kowane ƙunshi, a jikin kowace leda. In abinci ne, ka nemi rajistar NAFDAC, domin manyan kantuna sai sun tambaya.

Sannan ka ajiye littafi. Duk wanda ya tambayi farashin sari, rubuta sunansa da lambarsa. Kira shi kafin mako ya zagayo. Ka tura masa hoton kaya ta WhatsApp, amma kada ka ishe shi da saƙo safe da yamma.

Allah ya ba da kasuwa.