Keke Da Lafiyar Iyali: Yadda Ma'aurata Za Su Ƙarfafa Juna

Jawabin da wasu ma'aurata daga Narayi suka gabatar a taron ma'aurata na ikilisiyoyinmu da ke kudancin garin Kaduna.

  Mu ba likitoci ba ne, ba kuwa masu wa'azi ba. Ma'aurata ne kamar ku, an ɗaura mana aure a shekarar 1988. Abin da muka kawo shaida ce game da wani tsohon keke da ya kusa raba kanmu a gida, daga baya kuma Ubangiji ya yi amfani da shi ya ƙara haɗa mu.

Dattawan da ke nan za su tuna Kakuri ta dā. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot kuma a 1975. In lokacin tashi daga aiki ya yi, hanya takan cika da kekuna har mai mota ya rasa wurin bi. A kwanakin nan wanda ya sayi sabon Raleigh, maƙwabta sukan zo yi masa barka. Haka kuma masu bishara da suka kafa ikilisiyoyi da yawa a ƙauyukan Kagoro da Kwoi da Zonkwa, ƙafa da keke ne suka kai su. Maigida ma a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi aiki, a bayan kekensa kuwa yake ɗaukar uwargida zuwa sujada lokacin muna sababbin aure. Da hali ya ɗan samu sai muka sayi babur, muka rataye keken a ɗakin ajiya, muka ce mun gode Allah mun wuce wannan matsayi. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, kekunan Kakuri suka watse tare da ma'aikatansu. Maigida ya buɗe ɗan shago kusa da Kasuwar Monday, yana zuwa a kan babur, yana wuni a zaune.

A 2019 ya fara fama da ciwon kai da jiri. Da muka je asibiti aka auna, aka ce hawan jini ne, gama awon ya wuce 140 bisa 90 nesa ba kusa ba. Aka ba shi magani, aka ce ya rage gishiri, ya kuma riƙa motsa jiki. Tun daga ranar tsoro ya kama uwargida, domin a Zumuntar Mata mun san gwauraye nawa ne hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suka ɗauke musu mazaje farat ɗaya. Mun kuma san gidajen da mace take juya mijinta a kan gado shekara da shekaru. Saboda wannan tsoro ta sa shi gaba da maganar keken da ke rataye.

A nan ne muka yi kuskure, muna kuwa faɗa muku domin kada ku maimaita shi. Safe da yamma magana ɗaya ce. Wani lokaci a gaban yara za ta ce, “Baban yara, dubi tumbinka, so kake ka bar mini marayu?” Ta kai ƙararsa wurin wani dattijon ikilisiya. Ta yi masa misali da mijin maƙwabciya. Shekara huɗu muna haka, keken bai sauko daga ƙusa ba ko sau ɗaya. Abin da ya ƙaru shi ne shiru a gida, har addu'ar dare muka riƙa yi kowa a gefensa. Maganar da take faɗa gaskiya ce, amma gaskiyar da aka jefa wa mutum a gaban 'ya'yansa ba ta shiga kunne.

Sai ga ranar 29 ga Mayu 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Babur ya zama sai ranar Lahadi. Maigida ya koma shiga Keke Napep, kuɗin mota yana cinye ribar shago, duk da haka bai taɓa keken ba. Wani dare uwargida ta bar faɗa ta yi tambaya kawai, ta ce, “Maigida, me ke hana ka?” Ya daɗe bai amsa ba, sa'an nan ya ce, “Maman yara, in 'yan ikilisiya suka gan ni a kan keke da furfurata, za su ce na karye. A gabansu na sauka daga keke na hau babur. Yaya zan koma?” Shekara huɗu tana yaƙi da ƙyuya, ashe kunya ce ke ɗaure da shi.

Wannan shi ne babban abin da muke so ku tafi da shi gida. Wanda ya ƙi hawa keke yana da dalili, kuma sau da yawa ba zai faɗa ba sai an tambaye shi a keɓe cikin ladabi. Aikin miji ko mata shi ne ya gano abin da ya tare hanya, ya sa hannu a kawar da shi. Mu dai abubuwa uku muka tarar: kunya, tsoron hanya, da lalacewar keken kansa.

Na farko, kunya. Uwargida ba ta ƙara cewa komai ba. Da ta kwashi adashinta, sai ta sayi keken mata na hannu, irin wanda ba shi da sandar tsakiya, ta ce ita ma za ta koya, gama likita ya gaya mata sukarinta yana hawa. Ba ta taɓa hawa keke da kanta ba tun haihuwarta. Ta ce, “Baban yara, kai ne gwani, sai ka koya mini.” Ranar Asabar da sassafe muka tafi filin wata makarantar firamare. Maigida ya riƙe sirdi yana bin ta da gudu, ta faɗi sau uku, yaran unguwa suna dariya. Mutumin da ake yi wa gori jiya, yau ya zama malami. Mako na biyu shi da kansa ya sauko da nasa keken, wai domin ya nuna mata yadda ake karya kwana. Kunya in an raba ta biyu ba ta da nauyi.

A nan muna da magana ga maza. Da uwargida ta fara fita kan titi, maigida ne ya soma cewa me mutane za su faɗa in suka ga matar aure mai jikoki a kan keke. Sai da ta tuna masa irin maganar da ta ɗaure shi shekara huɗu. Manzo Bulus a Afisawa sura 5 ya koya wa maza su kula da matansu kamar yadda suke kula da jikinsu. In keke yana da amfani ga jinin miji, yana da amfani ga na mata. Doguwar riga mai faɗi da wando a ciki ta isa sutura, sai dai a lura kada bakin zane ya shiga sarƙa.

Na biyu, tsoron hanya. Wannan tsoro gaskiya ne, kada kowa ya rena shi. Bayan rikicin 2000 da na 2002, iyalai da yawa sun ƙauro wannan hayi na kogi, Sabon Tasha da Television da Romi da Gonin Gora suka cika, motoci suka ƙaru a kan hanyoyin da ba a keɓe wa mai keke wuri ba. Wasunku za su tuna Ojo Maduekwe, wanda yana Ministan Sufuri a 2001 ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya su hau keke, har shi ma ya riƙa hawa a Abuja, wata motar bas ta ture shi cikin kwata. In minista bai tsira ba, ba daidai ba ne mace ta tura mijinta kan titi ta ce Allah ya kiyaye, shi ke nan. Abin da muka yi shi ne, wata Lahadi bayan sujada muka bi hanyar da ƙafa daga Narayi ta cikin Barnawa, muka zaɓi layukan unguwa da manyan motoci ba sa bi. Inda ya zama dole a tsallaka hanyar Kachia, maigida yakan sauka ya tura keken da hannu. Hanyar Abuja da ta bayan gari, inda tireloli da tankoki suke gudu, mun yi alkawari ba za mu hau ta ba. Yana fita bayan gari ya waye, yana dawowa kafin duhu. Mun sayi hular kwano da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya. Saboda halin tsaro kuma, ba ma bin hanyar gona ko bayan gari mu kaɗai.

Na uku, keken kansa. Keken da ya shekara ashirin a rataye, in aka hau shi haka, rana ɗaya ya isa mutum ya rantse ba zai ƙara ba. Mun kai shi wurin mai gyara, aka sa sababbin tayoyi, aka canja robar birki, aka wanke sarƙa aka sa mata mai, aka ɗaura ƙararrawa da fitila. Mai gyaran ya ɗaga sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa, ya ce sirdin da ya yi ƙasa ne yake kawo ciwon gwiwa. Mun kuma sayi famfo muka ajiye a gida, gama taya mai ƙarancin iska tana gajiyar da mutum, tana kuma saurin yin faci. Uwargida ce take duba iska da birki kowace Lahadi da yamma. Wannan hidima ta fi dukan maganganun shekara huɗu aiki.

Ga abin da muka samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Tafiyar maigida zuwa shago wajen minti 20 ce, dawowa 20. In ya yi kwana 5, ya sami minti 200 ke nan ba tare da ya ware wani lokaci dabam ba. Bai fara da haka ba. Ya fara da kwana 2 a mako, ranar ruwan sama ko ƙurar hunturu mai yawa kuwa yakan shiga mota, ba mai ce masa don me. Wajen kuɗi kuma kowa ya yi nasa lissafi. A ce kana biyan naira 500 zuwa, 500 dawowa, kwana 5 a mako, wato naira 20,000 ke nan a mako 4. Mun ajiye wani gwangwani, duk ranar da aka hau keke sai a jefa kuɗin motar ranar a ciki. Daga gwangwanin nan muka biya wa autarmu kuɗin jarrabawa.

Muna roƙonku ku ji wannan da kyau: maigida bai daina shan magani ba, kuma yana zuwa awo a kan lokaci. Awon ya sauka, barcinsa ya gyaru, amma keke ba ya maye gurbin magani. Duk mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa kafin ya fara. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashinsa yana sarƙewa a kan keke, ya sauka nan take ya nemi asibiti.

A ƙarshe muna da roƙo ga ikilisiya, gama kunyar da ta ɗaure maigida a ƙofar majami'a aka haife ta. Mu tambayi kanmu, wa masu tarbar baƙi suke rugawa su gaisar, mai mota ko mai keke? Yakubu sura 2 ta gargaɗe mu a kan ba mai kayan ado wurin zama mai kyau, a bar matalauci a tsaye. Muna roƙon dattawa a keɓe wuri mai inuwa kusa da ƙofa inda za a ɗaure kekuna, mai gadi yana gani. Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ta tsai da 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Zai yi kyau a Lahadin da ta fi kusa da wannan rana fasto da dattawa da matansu, duk wanda yake da ƙarfi, su zo sujada a kan keke. In shugabanni suka hau, ba wanda zai ƙara cewa mai keke ya karye.

'Yan'uwa, Littafi Mai Tsarki a 1 Korintiyawa sura 6 ya nuna mana cewa jikin mai bi wurin zaman Ruhu Mai Tsarki ne, ba namu ba ne mu yi sakaci da shi. A ranar aure kuma mun yi alkawarin kula da juna cikin lafiya da rashin lafiya. Kada mu jira sai ranar jinya kafin mu cika wannan alkawari. In kun koma gida yau, kada a yi gori, kada a yi misali da mijin wata ko matar wani. A bari yara su yi barci, sa'an nan a yi tambaya cikin ƙauna, a kuma saurari amsa har ƙarshe.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya ba gidajenmu lafiya da salama, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.