Fitila Ɗaya a Kowane Ɗakin Duba Marasa Lafiya: Lacca Kan Cutar Eritirasma

  Lokaci gajere ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Ƙorafina tsoho ne, wasunku sun gaji da jin sa a bakina. A asibitocinmu, duk wanda ya zo da tabo mai duhu a matsematsi ko hammata, ko ya zo tsakanin yatsun ƙafarsa ya yi fari ya jiƙe, kafin ya gama bayani an rubuta masa maganin fangas. A ce makero ne, a ce cin ruwa ne, a kira na gaba. Alhali wani kaso na waɗannan mutane ba fangas ke damunsu ba. Bakteriya ce, sunan cutar eritirasma, kuma akwai hanyar gane ta cikin ƙasa da minti ɗaya, da kayan aikin da ko wuta ba ya buƙata sai batir. Abin da na zo nema a yau shi ne mu daina lalube a cikin duhu.

Ba zan tsaya karanta muku darasin fata ba, kun san shi. A taƙaice, ƙwayar da ke kawo cutar ita ce Corynebacterium minutissimum. Tana cikin ƙwayoyin da ke zaune a fatar mutane masu lafiya ba tare da ta yi ɓarna ba. Idan wuri ya samu zafi da danshi da gogayya, sai ta yaɗu a ɓawon saman fata. Ba ta cika nutsawa ciki ba, shi ya sa ba ta kawo zazzaɓi ko ruwa ko mugunya. Wuraren da take so su ne tsakanin yatsun ƙafa, musamman tsakanin na huɗu da ƙaramin, sai matsematsi, hammata, ƙarƙashin mama, da tsakanin ɗuwawu. Ga masu ƙiba kuma har lanƙwasar ciki.

Kuskuren da muke yi ba mu muka fara shi ba. Burchardt ya bayyana cutar a Jamus a 1859, von Bärensprung ya raɗa mata suna a 1862, kuma dukansu sun ɗauka fangas ne. Haka duniyar likitanci ta zauna kusan shekara ɗari, har 1961, lokacin da Sarkany da Taplin da Blank suka tabbatar a Amurka cewa bakteriya ce. Mutanen ƙarni na 19 suna da uzuri. Mu da muka zo shekara sittin da ɗoriya bayan an warware maganar, mene ne namu uzurin?

Wani ɓangare na laifin yana wuyan littattafan da muka karanta. Sun ce tabon ja ne, daga baya ya koma ruwan ƙasa, kuma hotunan da ke ciki na farar fata ne. A fatarmu jan ba ya fitowa. Abin da za ka gani shi ne shimfiɗaɗɗen tabo da ya fi sauran jiki duhu, iyakarsa a fili, samansa da ɗan garin ɓawo mai laushi da ƙananan tattara. Launinsa iri ɗaya ne daga tsakiya har baki. Makero kuwa bakinsa ya fi tashi, yana ci gaba ta gefe yayin da tsakiyarsa ke washewa, kuma ƙaiƙayinsa ya fi tsanani. Kandida takan jiƙe ta yi zafi, da ƙananan ƙuraje a warwatse a kewaye. Eritirasma sau da yawa ba ta ma ƙaiƙayi, ko kuma ta yi kaɗan idan an yi gumi, shi ya sa mutum kan zauna da ita shekaru. Duk da haka ido kaɗai yana yaudara, ko na ƙwararre ne, balle ma cutar kan zo tare da fangas a wuri ɗaya, musamman a yatsun ƙafa.

Su wa take kamawa a nan? Ku duba yanayinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, damina ta sauka kuma danshi ya karɓa. Ɗan acaɓa yana wuni a kan sirdi. Direban babbar mota yana zaune daga Kano har Legas. Soja da ɗan sanda suna cikin but da safa tun safe. Ɗalibin makarantar kwana yana mayar da kamfai bai gama bushewa ba. Dattijuwa mai jiki tana cikin kaya bisa kaya a gaban murhu. Ƙari a kan haka, yawancinmu muna jiƙa ƙafa sau biyar a rana. Alwala tsarki ce, ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce a cusa jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa da takalmi sau-ciki ba a tsane tsakanin yatsu ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. A 1903 masanin kimiyyar haske Robert Wood, a Amurka, ya ƙera gilashin da ke tare hasken da ido ke gani, ya bar wanda ido ba ya gani ya wuce. Daga nan aka samu fitilar da ke ɗauke da sunansa, mai fitar da haske a ma'aunin nanomita 365 ko kusa da haka. Ita wannan ƙwaya tana fitar da wani sinadari, koproporfirin na uku. Idan hasken fitilar Wood ya sauka a kansa, sai wurin ya kama ƙyalli ja, jan murjani. Makeron matsematsi ba ya yin haka. Kandida ba ta yi. Ka rufe taga, ka kashe wuta, ka jira idonka ya saba da duhu, ka haska daga kusa. In ya yi ja, magana ta ƙare. Ba a ɗebi jini ba, ba a aika kowa ɗakin gwaji ba, ba a ce wa mai ciwo ya dawo jibi ba. Gani ya kori ji, kuma shi kansa mai ciwon zai gani, wanda ke sa ya yarda da maganin da aka ba shi.

Fitilar nan ba cuta ɗaya take yi wa aiki ba. Kyasbi kan ba da ƙyalli mai ruwan ɗorawa. Makeron kai na yara, idan irin Microsporum ne, gashin kan yi kore. Gyambon da Pseudomonas ta shiga shi ma kan yi kore. Farar fata ta bitiligo kan fito fes da iyakarta. Kayan aiki ɗaya ke nan yana raba gardama a cututtukan da muke gani kullum, ba ya cin komai sai batir.

Duk lokacin da na kawo wannan magana gaban masu riƙe da kasafi, amsar ita ce babu kuɗi. Ina roƙon su leƙa kasuwar canji ta Wapa. Ɗan canji ba ya karɓar dala sai ya tabbatar da ita, kuma cikin kayan da ake tantance takardar kuɗi da su har da 'yar fitila mai irin wannan haske. Ana sayar da ita a kasuwa kamar tocila. Ya ga amfaninta ya saya da kuɗin aljihunsa, bai jira an kafa kwamiti ba. Sharaɗi ɗaya ne: a nemi mai 365. Masu 395, waɗanda suka fi yawa kuma suka fi araha, suna zubo hasken shuɗi da yawa har ya danne ƙyallin da ake nema. Duk wanda aka aika sayayya ya riƙe wannan lamba.

Akwai tarko guda, kuma a wurinmu ya fi ko'ina muhimmanci. Sinadarin da ke ƙyallin yana narkewa a ruwa. Mutumin da zai nuna wa likita matsematsinsa, saboda kunya da mutunci, sai ya yi wanka ya cuɗa wurin da soso da sabulu kafin ya fito. Ya zo ka haska, ba ka ga komai ba, ka ce ba ita ba ce, alhali ita ce. Saboda haka tambaya ta farko kafin a kunna fitila ita ce: "Malam, yaushe ka wanke wurin?" In yanzu ne, a roƙe shi ya dawo gobe ba tare da ya sa wa wurin sabulu ba. Ga yatsun ƙafa kuwa ba za ka ce wa Musulmi ya bar alwala don gwajinka ba. Ka haska hammata da matsematsi, waɗanda alwala ba ta taɓawa, domin sau da yawa mai ita a ƙafa yana da ita a can. In ba ka samu ba, ka kankaro ɓawon ka aika a yi masa rinin Gram, za a ga ƙananan sanduna masu kama rini, sannan a duba wani ɓangaren da sinadarin KOH don neman fangas. Littattafan waje ba za su gaya muku wannan ba, don ba da masu alwala a zuciya aka rubuta su ba.

Me ke faruwa idan ba a gane ta ba? Mai ciwo ya sha ƙwayar girisiyofulbin makonni, wadda ba ta taɓa wannan bakteriya ko kaɗan. Ya gaji, ya nufi kemis, a miƙa masa man shafawa mai haɗi uku: maganin fangas, da niyomaisin, da sitiroyid mai ƙarfi irin kulobetasol ko betametason. Ƙaiƙayi ya lafa, tabo ya ɗan yi haske, ya ce ya dace. Ya daina, abu ya dawo, ya sake saya. Fatar matsematsi siririya ce kuma a rufe take, tana zuƙar sitiroyid fiye da ta hannu ko ta baya. Bayan watanni sai ga fata ta yi laushi, ga nankarwa da ba za ta ɓace ba, ga fangas na gaske ya samu ƙofa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai kuma ɓarnar da ba ta jiki ba. Da zarar abu ya fito a wannan wuri, sunan da jama'a ke ba shi "sanyi". Miji ya zargi mata, mata ta zargi kishiya, a yi ta sayen maganin sanyi gida guda. Eritirasma ba ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Jimla ɗaya daga bakin ma'aikacin lafiya ta isa ta kashe wannan fitina, amma sai ya san abin da yake kallo zai iya furta ta.

Batun suga kuma kada a yi wasa da shi. Masu ciwon suga sun fi kamuwa da wannan cuta, kuma idan ta yi faɗi ko ta riƙa dawowa, takan zama alama ta farko da ke bayyana a fili. Duk baligin da fitila ta nuna ja a jikinsa, a auna sugansa kafin ya karya. In ya kai 126 a ma'aunin miligiram, wato 7.0 a ma'aunin milimol, a maimaita a tabbatar. Tabon hammata ba zai kashe kowa ba, amma sugan da ke ƙarƙashinsa yana cin ƙoda da ido.

Magani ba shi da wuya. Idan wurin ƙarami ne, na shafawa ya isa: fusidik asid, ko kilindamaisin, ko eritiromaisin, sau biyu a rana tsawon mako biyu. Wani bincike da aka yi a Turkiyya, aka buga a 2013, ya gwada man fusidik asid da ƙwayoyin sha, man ya fi su aiki. Tsohon man Whitfield ma yana taimakawa a yatsun ƙafa. Idan ta yi faɗi ko ta kama wurare da yawa, a ba da eritiromaisin miligiram 250 sau huɗu a rana na kwana 14, ko kilaritiromaisin giram 1 sha ɗaya. A tambayi abin da mutum ke sha, domin waɗannan biyu ba sa jituwa da simbastatin, kuma a kiyaye mai juna biyu. Bayan haka sai nasiha: a tsane jiki da kyau, a sa kamfai da safa na auduga, a shanya su a rana su bushe ƙarau, a cire takalmi idan an samu sarari, mai ƙiba ya rage. A kuma gaya masa duhun tabon zai daɗe bayan ƙwayar ta mutu, don kada ya koma kemis neman mai da zai goge shi.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce. Na farko, ai mikonazol da kulotirimazol suna taɓa wannan bakteriya, a ba kowa kawai. Suna taɓawa, amma wanda ya warke bisa dace ba a auna sugansa ba, ba a kuma wanke matarsa daga zargi ba. Na biyu, ga maleriya da mutuwar mata wajen haihuwa, wa ke ta tabon hammata? Ban nemi a taɓa kuɗin maleriya ba. Tocila na nema. A watan Mayu 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ya sa cututtukan fata cikin manyan matsalolin lafiyar jama'a, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka mara masa baya. Sa hannu a Janiba ba shi ne aiki ba.

Ga abin da nake nema. Ɗaya, kowane ɗakin duba marasa lafiya, tun daga asibitin unguwa, ya samu fitilar Wood mai 365 da labule mai kauri. Biyu, a koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko amfani da ita, da hotunan baƙar fata. A Mali, Antoine Mahé da abokan aikinsa sun nuna cewa horon yini ɗaya kan cututtukan fata na yau da kullum ya gyara aikin irin waɗannan ma'aikata, don haka kada a ce sai an yi shekara. Uku, a samar da mace da za ta duba mata, domin babu fitilar da za ta yi amfani a wurin da aka ƙi buɗewa. Huɗu, NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su hana sayar da man haɗi uku ba tare da takardar likita ba, su kuma bi kasuwa su tabbatar. Biyar, gwajin suga ya zama wajibi ga duk wanda aka samu da eritirasma.

Ku ɗalibai, kada ku jira a saya muku. Ku sayi taku, ku sa a aljihu tare da abin sauraren ƙirji. Shugaban taro, a nan zan tsaya. Masu ja da ni suna cikin zauren nan, ina jiran tambayoyinsu.