Mashigin Welland Idan An Janye Ruwansa



An nemi in ɗan faɗi wani abu daga cikin abin da na gani a ƙasar Kanada, inda neman abinci ya kai ni. Na zaɓi in yi magana a kan mashigin ruwa na Welland, musamman yadda yake komawa a lokacin hunturu idan an janye ruwansa.

Waɗanda suka yi darasin labarin ƙasa a cikinmu za su tuna da manyan tafkunan nan biyar na Amurka ta Arewa. To, tafkin Erie ya fi tafkin Ontario tudu da kusan mita 100, kuma ruwansa yana sauka ne ta magangarar Niagara, inda ba jirgin da zai bi ya tsira. Saboda haka aka haƙa wa jirage hanya ta gefe. An buɗe ta farko a 1829. Wadda ake bi yanzu ita ce ta huɗu, an buɗe ta a 1932, tsawonta kilomita 43. A cikinta akwai ɗakunan ruwa guda takwas masu ƙofofin ƙarfe gaba da baya. Jirgi ya shiga ɗaki, a rufe ƙofa, a cika ruwa, sai ya tashi sama kamar mita 14, sa'an nan ya wuce ɗaki na gaba. Da haka jirgi mai tsawon mita 225, ɗauke da alkama ko tama ko gishiri, yake hawa tudu mataki-mataki.

Daga wajen farkon Janairu zuwa ƙarshen Maris, ƙanƙara kan hana zirga-zirga. A nan ne ake tare ruwa daga sama, a bar na ƙasa ya tsiyaye a ɓangaren arewa, inda bakwai daga cikin ɗakunan suke jere.

Ni dai da na leƙa ɗaya daga cikinsu a watan Fabrairu, sai da na ja da baya. Inda na saba ganin ruwa cike taf, sai ga rami mai zurfin sama da mita 20, wato kamar bene mai hawa bakwai aka gina zuwa ƙasa. Bangon kankare ya yi baƙi, duk da zanen inda jirage suka goge shi. Ƙofofin, waɗanda kullum ruwa ke ɓoye yawancin jikinsu, sun fito fili tun daga sama har dandamalin da suke zaune a kai. A gindin bango ga bakunan manyan kwalbatocin da ruwa ke shiga yana fita, mutum na iya tafiya a cikinsu a tsaye. Ma'aikata a can ƙasa sai ka ce 'yan tsaki. A filin da ke tsakanin ɗakunan kuwa, taɓo ne da dusar ƙanƙara da ɗan siririn ruwa a tsakiya. Abin da mutane suka jefa a ɓoye duk ya bayyana: tayoyi, kekuna, wani lokaci har mota.

Amma ba don kallo ake janye ruwan ba. Injiniyoyi kan bi bango suna neman tsaga, a farfasa kankaren da ya ruɓe a zuba sabo. Masu walda su hau ƙofofi, a duba maratayarsu, a sake abin da ya cinye. Duk wannan cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, kuma ranar buɗewa ba ta jiran kowa, don jirage na nan tafe.

Sun san abin da ke biyo baya idan wuri ɗaya ya gaza. A watan Oktoba na 1985 wani sashe na bangon ɗaki na bakwai ya rufta, aka rufe mashigin sama da mako uku, jirage suka yi cirko-cirko daidai lokacin fitar da hatsi. Bayan haka ne aka shiga gagarumin aikin ƙarfafa bangayen na shekaru da dama.

'Yan'uwa, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu da rani suke yashe rijiya, sa'ad da ruwa ya ja baya, ba sa jira sai ta rufta. Mutanen can sun yarda su rufe hanya kusan wata uku a kowace shekara, su kashe kuɗi a kan abin da ba wanda zai gani idan ruwa ya dawo. Shi ya sa ginin da ya haura shekara casa'in har yau yake ɗaga jirage. Da yawa daga cikinmu yanzu muna riƙe da ma'aikatu, asibitoci da makarantu. Ina roƙonmu, idan aka zo kasafin kuɗi, kada kason gyara ya zama shi ne farkon abin da za a soke.